Ɗanyen Wake a Ɗakin Tsoho

Zuwa ga 'yata Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da jikokina. Ni ma lafiya, sai ciwon gwiwar nan da kika sani, wanda ya riga ya zama ɗan gida.

Na koma ga alƙalami ne domin wayar da kika saya mini ba ta yi mini rana. Kunnena ya yi nauyi. In kin kira, muryarki nake ji kamar daga ƙasan rijiya, ina ta cewa na'am ban san abin da na amsa ba. Takarda kuwa ba ta gudu, sai in karanta in sake karantawa. Direban motar safe ya yarda zai riƙa kai miki, ya karɓo mini amsa.

Jiya muna zaune a ɗakin cin abincin tsofaffi da ke bayan asibitin unguwa, sai ga abokina Tela ya shigo yana dogara sanda, yana cewa ya ji sunanki a rediyo. Wai ofishinku na kula da abinci ya fito da sabon tsari, kuma ke ce kika tsara shi. Auta, na ajiye lomar da ke hannuna don daɗi. Na miƙe na gaya wa duk wanda ke teburin cewa 'yata ce, har waɗanda suka riga suka sani.

Ba ki taɓa shiga ɗakin nan ba. Dogon tebur ne da benci a kowane gefe, da taga guda da ba ta rufuwa. A nan muke haɗuwa da azahar tun bayan rasuwar mahaifiyarki. Matar da ke dafa mana, Mai Ludayi muke ce mata, ta san wanda ba ya son yaji da wanda sai an farfasa masa. Tela yana cikin na biyun, don haƙoran da suka rage masa ba su cika hannu ɗaya ba, idonsa kuma ɗinki ya cinye.

An ce za a rufe ɗakin na ɗan lokaci, a riƙa kawo wa kowa abinci gida. Tela ya ce, "Akawu, ashe 'yarka ce za ta kore mu daga bakin tukunya?" Na ce, "Ba kora ba ce, ci gaba ne. Kai dai allura ka sani." Ya ce, "To, in ci gaban ya tashi zuwa, ka ce masa ya taho da cokalinsa." Kowa ya yi dariya, har Tsohon Soja da ba ya dariya.

Ki ɗan yi mini bayani yadda abin yake, don in san amsar da zan riƙa ba su. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki

*

Zuwa ga Baba,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da kyau, ina yi maka sannu da gwiwa. Yara suna gaishe ka, ƙaramin yana tambaya ko har yanzu kana da hular nan da yake cire maka.

Baba, wasiƙarka ta faranta mini rai fiye da yabon da aka yi mini a ofis. Ga yadda abin yake. Da muka zagaya, mun tarar ɗakunan girki irin naku masu iya takawa kawai suke ciyarwa. Tsohon da ke kwance, da wanda gidansa ke nesa, ba sa samun komai. Ɗan kwangilar da ke kawo kaya kuma yana rage mudu, abin da ke isa tukunya yawanci shinkafa ce fara da ɗan romo. Shi ya sa likitoci ke ta ganin ƙarancin jini da kumburin ƙafa a jikin tsofaffi.

Yanzu kowane wata za a kai wa kowane tsoho buhunsa har ƙofa: wake, shinkafa, garin masara da aka ƙara wa sinadaran gina jiki, man girki, busasshen kifi da gishiri. Babu ɗan kwangila a tsakani, kuma zai kai ga mutane da yawa da ba a taɓa kaiwa gare su ba. Na daɗe ina faɗa a kan wannan, Baba. Sau da yawa an mayar mini da takarduna ba a ko buɗe ba.

Gwaji ne tukuna. Bayan ɗan lokaci jami'inmu zai zo ya tara ku ya ji ta bakinku, abin da kuka faɗa shi zai sa a ci gaba ko a koma yadda ake.

Har yanzu ɗakinka na nan a gidanmu. Na san amsarka, amma ba zan daina tambaya ba. Ka gaishe mini da Baba Tela, ka ce masa cokali na nan tafe.

'Yarka, Auta

*

Zuwa ga Auta,

Bayan sallama da gaisuwa, wasiƙarki ta iso, na karanta wa Tela da ƙarfi. Ya ce ki sha kuruminki, ya yafe miki. Maganar ɗaki kuwa, a nan mahaifiyarki ta bar ni, a nan zan zauna.

Buhu ya zo. Samari masu riga iri ɗaya suka shigo da shi har ciki, suka jingina shi a bakin gado, suka ƙi karɓar ko ruwa. Na kwance bakinsa na duba. Wake fari tas babu tsakuwa, kifi mai kyau, mai a jarka da hatiminsa. Rabon ɗakin nan da abinci mai yawa haka tun mahaifiyarki tana raye. Na daɗe zaune ina kallonsa, ina cewa wannan aikin 'yata ne.

Ina da tambaya, kada ki yi mini dariya. Shi wake, jiƙa shi ake yi kafin a ɗora? Na ƙare ƙuruciyata a kan teburin ofis, ban taɓa kula da yadda mahaifiyarki ke yi ba. Ni dai in dawo in tarar da kwano a rufe. Shekaranjiya na ɗora shi a kan risho tun hantsi, har kananzir ya ƙare yana nan kamar tsakuwa. Da na zo saukewa, hannun nan mai rawa ya yi halinsa, ruwan ya ɗan taɓa bayan ƙafata. Ba wani abu ba ne. Na shafa man cikin buhun, kin ga ya yi aiki biyu.

Maƙwabtana na gidan hayar nan mutanen kirki ne, sai dai da asuba suke fita aiki, ba a ganinsu sai magariba, a gajiye. Ba na son in tare mutum a ƙofa da tukunya.

Na leƙa Tela a ɗakinsa na bayan shagon kafinta. Na same shi ya dama garin nan da ruwan sanyi a kofi yana sha. Ya ce, "Akawu, zauna ka kurɓi ci gaba." Muka yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Abu ɗaya ke ba ni mamaki. Ƙafafuna ba su ji labarin an rufe ɗakin ba. Da azahar sai in ga na miƙe na sa hula, sai na kai ƙofa in tuna. Wannan tsufa ne kawai, zai wuce.

Mahaifinki

*

Baba,

Barka da war haka. A tsaye nake rubuta wannan, direba na jira. Ana jiƙa wake ya kwana, da safe a zubar da ruwan a ɗora da sabo. Na ba direba kananzir da maganin ƙuna, don Allah ka daina shafa man girki, ka nuna ƙafar a asibiti. Ka samu wata a maƙwabta ta riƙa ɗora maka, ni zan ji da ita. Na so in zo ƙarshen watan nan, amma an tura ni zagayen wasu unguwanni. Labarin da ke zuwa daga can mai daɗi ne, tsofaffin da ke kwance sun fara tashi zaune.

Jami'inmu zai zo muku mako mai zuwa. Ku gaya masa komai.

Auta

*

Zuwa ga 'yata Auta,

Assalamu alaikum. Kananzir da magani sun iso, Allah ya saka da alheri. Ƙafa tana sauƙi.

An yi taron a barandar asibiti. Tun kafin jami'in ya iso, tsofaffin suka ce ni zan yi magana da yawunsu, tunda ni na yi makaranta, na san yadda ake magana da mutanen ofis. Kowa ya faɗa mini abin da ke ransa, Tsohon Soja da Mai Gadi da Goggo mai sanda biyu. Na ce na ji.

Jami'in naku yaro ne mai ladabi. Da aka nuna masa ni, sai ya durƙusa har ƙasa ya ce, "Baba, ashe kai ne mahaifin shugabarmu? Kullum sai ta yi zancenka. Aikin nan nata ne tun daga tushe. In ya yi kyau ita ce, in ya lalace ita ce, kuma akwai masu jiran ya lalace." Ya faɗa a bakin kunnena, don an gaya masa ba na ji sosai. Na ji shi sarai.

Na miƙe na yi magana. Na ce buhu yana zuwa a kan lokaci. Na ce a cike yake, ba a taɓa rage mana ko hannu ɗaya ba, ba wanda ya nemi na goro. Na ce kayan ciki masu kyau ne, irin waɗanda ba mu taɓa gani a tsohuwar tukunya ba. Duk abin da na faɗa gaskiya ne, Auta, ko a gaban alƙali zan maimaita.

Ya ce, "Akwai wata matsala, Baba?" Na ji Tela yana jan gefen rigata. Na ce matsala ba ta ƙarewa a duniya, amma mun gode. Ya rubuta, ya yi murmushi, ya ce sauri yake yi, akwai wata unguwar a gabansa.

A hanyar dawowa, ni ke riƙe hannun Tela kullum saboda idonsa. Ranar ya ce in bar shi, ya kama kafaɗar Tsohon Soja. Na bi su a baya.

Kina cin abinci kuwa? A hoton da kika aiko na ga kin rame.

Mahaifinki

*

Zuwa ga Babana,

Ina gaisuwa, ina kuma yi maka albishir. An amince da tsarin! A gaban manyan ma'aikatar aka karanta rahoton, kuma maganarka aka sa a shafin farko: tsohon akawu ya ce ba a taɓa rage musu ko hannu ɗaya ba. Waɗanda suka zo da shirin suka, suka yi tsit. Ni kuwa na sunkuyar da kai don kada a ga hawayena. Na tuna yadda kake zaunar da ni a kan tabarma kana duba mini aikin makaranta da jan alƙalami. Yau ka ba ni maki a gaban mutane.

Za a rufe ɗakunan girkin gaba ɗaya, naku za a mai da shi sito na ajiye buhuna. An sallami masu girki da haƙƙinsu.

Kada ka damu da fushin Baba Tela. Sabo ne, mutum ba ya son a canja masa wurin zama. Na sako masa rigar sanyi tare da taka, ka kai masa ku shirya. Wasiƙarka ta ƙarshe gajeriya ce, rubutun kuma yana hawa yana sauka. Hannun ne?

'Yarka mai ƙaunarka, Auta

*

Zuwa ga 'yar Malam Akawu,

Salamu alaikum. Ba ki san ni ba. Ni ce mai dafa wa tsofaffi abinci a da, wadda suke ce wa Mai Ludayi. Direba ne ya ce zai kai miki. Ki yi haƙuri da rubutuna, ban yi nisa a makaranta ba, kuma ban iya zagaye-zagaye ba.

Tela ya rasu ranar Talata, an kai shi. Kafinta ne ya ga bai fito ba ya tura ƙofa. Da muka shiga gyara ɗakin, mun tarar da buhunansa a jere a jikin bango, wasu ko ɗinkin bakinsu ba a farke ba. Waken har ƙwari sun fara ci. Likita ya ce ciwon ƙirji ne, ya samu jiki babu ƙarfi. Ni ba likita ba ce, amma na san mutumin da nake farfasa wa abinci da bayan ludayi. Ba ya ganin wutar risho, ba shi da haƙorin kifi busasshe. Me aka ce ya yi da buhu?

Rigar sanyin da kika aiko masa tana hannun mahaifinki, bai san inda zai kai ta ba.

Yanzu maganar mahaifinki. Duk abin da yake rubuta miki, ki rage rabi. Burodi yake tsomawa a shayi, safe da yamma, shi ke nan. Mazagin wandonsa sai ya zagaya shi ya dawo. Ƙafar ba ta warke ba, ruwa take yi. In na tashi daga gidan abincin tasha inda na samu aiki, nakan ɗebi na buhunan tsofaffin in dafa wa mutum uku ko huɗu, amma sai yamma liƙis nake tashi, icen ma ni ke nema, ni ma ba yarinya ba ce. Ran da na samu na yi, ran da ban samu ba su kwana haka.

Kuma ki sani, ranar taron nan ba abin da aka aike shi ya faɗa ke nan ba. Ina wurin. Cewa suka yi ya ce kaya sun yi kyau amma ba mai dafawa, a bar wa marasa kowa tukunyarsu. Da yaron nan ya ambaci sunanki, na ga fuskar tsohon ta canja. Ban ga laifinsa sosai ba, ni ma na haifa. Amma tun ranar Tsohon Soja ba ya amsa sallamarsa.

Ban rubuto don a mai da ni aiki ba, na samu wani. Na rubuto ne don kada a sake tura wata ƙofar. Ki gafarce ni in na yi kaushi.

Mai Ludayi

*

Baba,

Na rasa ta inda zan fara gaishe ka. Allah ya jiƙan Baba Tela, ya ba ka haƙurin rashinsa.

Inna Mai Ludayi ta rubuto mini. Kada ka yi fushi da ita. Na karanta a ofis, na shiga banɗaki na kulle na yi kuka, na fito na ɗauko wasiƙunka na sake bi. Komai yana ciki, Baba. Ka tambaye ni yadda ake dafa wake, ni kuma na ba ka amsa kamar tambayar ke nan. Ka ce mini Tela na shan gari da ruwan sanyi, na ɗauka barkwancinku ne.

Tsarin nan ya yi amfani, ba zan ce bai yi ba. Duk gidan da akwai 'ya ko suruka ko jika mai hura wuta, tsofaffi sun murmure, na gan su da idona. Mun auna abin da ke cikin buhu, mun auna hanyar da zai bi, ba mu tambayi wa zai ɗora tukunya ba. Ni da ubana ke zaune shi kaɗai a ɗaki, ban tambaya ba.

Na je wurin shugabana na ce a buɗe wa marasa kowa girki. Ka san abin da ya ce? Ya jawo rahoton ya buɗe shafin farko ya ce, "Mahaifinki da bakinsa ya yaba. Ko kin fi shi sanin cikinsa?" Da maganarka suke rufe mini baki. Don me, Baba? Na ce ku gaya masa komai. Da ka kunyata ni a gaban duniya da ya fi mini wannan.

Ka yafe mini, bai kamata in yi maka wannan tambayar yanzu ba. Ranar Asabar zan zo da mota in ɗauke ka. Wannan karon ba shawara nake nema ba.

Auta

*

Zuwa ga 'yata Auta,

Assalamu alaikum. Na amsa gaisuwarki da ta'aziyyarki. Ki daina kuka a banɗakin ofis, za su gani a idonki.

Kin tambaye ni don me. Ba ni da amsa mai kyau. Na miƙe da maganar mutane a bakina, sai na ga yaron nan da alƙalaminsa, na ga takardar tana tafiya har teburin masu jiran ki faɗi, da sunana a ƙasa. Na ce a raina, bari wannan ya wuce, daga baya na gaya mata a hankali, tsakanina da ita. Da na zauna rubuta miki, sai albishir ɗinki ya riga ni. Na kasa.

Na je wurin Tela kafin ya cika. Yana kwance, ya juya wa ƙofa baya. Na zauna a kan buhunsa don babu kujera. Ya ce, "Akawu ne? Na gane jan ƙafarka." Na ce ni ne. Can ya ce, "Da 'yata ce, ni ma ban san abin da zan ce ba." Na kama hannunsa, bai janye ba. Sai ya ce, "Amma da ka zauna, ka bar Soja ya yi magana." Na jiƙa masa burodin da na zo da shi, ya ci kaɗan ya ce ya ƙoshi. Ban sake jin muryarsa ba.

Kada ki zo da mota ranar Asabar don ni kaɗai. In kin ɗauke ni, kin cire mutum ɗaya daga cikin yunwa, kin bar maganata a shafin farko tana aiki. Goggo tana nan, Mai Gadi yana nan, ƙafafunsa sun fara kumbura. Ba su da 'ya a ofis.

Ga abin da nake roƙo. Ki sa a sake turo yaron nan, a sake tara mu a barandar. Ni na faɗa, ni zan warware, a rubuta da sunana kamar na farko. Na san abin da wannan zai jawo miki, shi na guje wa tun farko. In kin ce ba za ki iya ba, ba zan riƙe ki a zuciya ba, amma ba zan shiga motar ba.

Ki gaishe da yara. Kada ki gaya musu komai.

Mahaifinki

*

Baba,

Na gaishe ka. Shugabana ya ƙi, sai na rubuta buƙatar da sunana na kai sama da shi. An yarda. Ranar Asabar za mu zo, ni da jami'in da wani babba daga ma'aikata. A gaba zan zauna. In ka tashi magana kada ka dubi fuskata, ka dubi bango. Ka faɗi buhunan Baba Tela, ka faɗi ƙafarka, ka faɗi burodi da shayi. Kada ka rage komai saboda ni.

In an gama, sai mota.

Auta

*

Zuwa ga ƙanwata Mai Ludayi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da aiki, ina gode miki da abin da ba zan iya biya ba. Na iso gidan Auta lafiya. An duba ƙafar, an ce ba za a yanke ba.

Kina wurin, kin ji abin da na faɗa, ko da yake sai da Tsohon Soja ya tsaya a gefena yana maimaitawa da ƙarfi, don muryata ba ta kai ba. Ki gaya masa na gode. Ban samu na ce masa ba, an yi saurin sa ni a mota.

An cire Auta daga kan aikin, an mai da ita wani ofis. Ba ta yi mini ƙorafi ba. Maganar girki kuwa, an ce an kafa kwamiti, za a duba a kasafin baɗi. Na yi aikin ofis, na san tsawon baɗi.

Nan ana kawo mini abinci mai laushi, da zafinsa, a kan tire. Ina ci kaɗan. In an ajiye sai in tuna bencin ɗakin cin abincinmu, in kasa.

In an buɗe ɗakin, ki rubuto mini. In ba a buɗe ba, ki rubuto duk da haka. Kada ki ɓoye mini kamar yadda na iya ɓoyewa. Ki gaya mini wa da wa suka rage.

Allah ya ba ki lada, ya ƙara wa ƙafafunki ƙarfi.

Naki, Akawu